Kafin Ka Rufe Shago

Tela ne a Ƙofar Nassarawa, wuta ba ta zama, kuɗin haya ya ishe shi, sai ya ce zai sayar da keken ɗinki ya shiga neman aikin albashi. To, kafin aikin ya samu, wa zai riƙe masa gida?

Gwamnati dai ba za ta riƙe ba. A Ingila mai neman aiki na iya karɓar tallafi duk wata. Najeriya ba ta da irin wannan. Dokar fansho ta 2014 ta yarda ma'aikacin da ya rasa aiki, ya yi wata 4 bai sami wani ba, ya ciri kashi 25 cikin 100 na asusunsa. Amma telanmu ina ya ga asusu?

A 2019 hukumar PenCom ta buɗe tsarin fansho na masu sana'ar kansu, kuma ana iya cirar wani kaso idan ta ɓaci. Sai dai abin da ka zuba shi za ka tarar, kamar adashi.

Malam, kada ka sayar da keken nan sai takardar ɗaukar aiki ta shigo hannunka.