Man sanfulawa: shin ya cancanci kuɗin da ake zubawa a kansa?

 Yau kicin za mu shiga, kuma samari kar wanda ya zame, don cikin da ake zuba wa man nan naku ne.

Duk mai bin shafukan girke-girke ya lura yanzu man sanfulawa ake yayi. Sanfulawa dai shi ne furen nan mai ruwan ɗorawa, mai faffaɗan kai, wanda wasu ke ce wa furen kallon rana. Sunan ya dace, don yana ƙarami yakan bi rana daga gabas zuwa yamma, sai ya girma ya tsaya cak yana fuskantar gabas. To ana ta cewa man nan yana wanke jijiyoyi, yana rage ƙiba, yana maganin hawan jini, mutum ya yar da man gyaɗa da manja. Kuma ga shi ya fi su tsada. Iyali suna matse kuɗin cefane su saya, saboda wani ya faɗa a bidiyo. Shi ya sa na ce bari mu duba me ke cikin kwalbar.

Asalin shukar daga Arewacin Amurka take, mutanen asali na can sun noma ta shekaru dubbai kafin zuwan Turawa. Mutanen Sifen suka kai ta Turai a ƙarni na 16, aka daɗe ana shuka ta don ado. Rasha ce ta mayar da ita abin tatsar mai a ƙarni na 19. Ana ba da labarin cewa cocin Otodoks ya hana cin mayuka da yawa a lokacin azuminsu, shi kuwa wannan sabo ne, ba ya cikin waɗanda aka lissafa, sai jama'a suka rungume shi. Har yau Yukren da Rasha ke fitar da fiye da rabin man sanfulawan da ake sayarwa tsakanin ƙasashe. Da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, jiragen ruwa suka tsaya a Bahar Aswad, manyan kantuna a Ingila suka fara ƙayyade kwalba nawa mutum zai saya, Indonesiya ta dakatar da fitar da man kwakwar manja na ɗan lokaci a watan Afrilu. Masu saye suka koma kan sauran mayuka, farashi ya tashi ko'ina. Mai tuyar ƙosai a bakin titi da ba ta taɓa ganin man sanfulawa ba, ita ma ta ji a jikinta.

Yauwa, maganar lafiya. Abu na farko da man nan ya yi fice a kai shi ne bitamin E. Babban cokali ɗaya yana ba ka fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da baligi ke buƙata a rana. Wannan gaskiya ne, ba talla ba.

Na biyu, irin kitsen da ke cikinsa. Kitse iri-iri ne. Akwai mai daskarewa, irin na man shanu da kitsen nama, wanda yawansa ke ɗaga kolestarol mara kyau a jini. A manja wannan kitsen ya kai kusan rabi. A man gyaɗa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. A sanfulawa kuwa wajen kashi 10 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci. To ku saurari nan da kyau, don nan ake yi mana wayo. Amfanin yana zuwa ne idan ka cire kitse mai daskarewa ka sa wannan a madadinsa. Idan ka ci tsire mai kitse, ka ci man shanu a tuwo, sannan ka ƙara antaya sanfulawa a taliya wai don lafiya, ƙari ka yi, ba ragi ba. Cokali ɗaya kalori kusan 120 ne, daidai da kowane mai. Wanda ya ce miki yana rage ƙiba, tambaye shi ta ina.

Sannan wannan rubutun da ake mannawa a jikin kwalba, wai ba kolestarol a ciki. Ai ba a man gyaɗar ma, ba a manja. Kolestarol daga dabba yake fitowa. Kamar mai sayar da ruwa ne ya rubuta cewa ruwansa ba ƙashi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: man sanfulawa ba iri ɗaya ba ne. Na gargajiya ya fi yawan sinadarin linoleyik, wato omega 6. Jiki na buƙatarsa, amma ba ya jure wuta mai tsawo. Akwai wani iri da aka inganta, mai yawan sinadarin oleyik, wajen kashi 80 cikin ɗari, irin kitsen da ke cikin man zaitun. Shi ne ya fi jure suya. A 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a rubuta cewa mayuka masu yawan oleyik suna iya rage haɗarin ciwon zuciya, kuma da sharaɗi: kimanin giram 20 a rana, a madadin kitse mai daskarewa. Saboda haka juya kwalbar ka karanta bayanta kafin ka biya.

Wannan ya kawo ni inda ya fi damuna, wato maimaita mai. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, a gidajenmu da wuraren suya ana soya kifi da mai, a tace, gobe a soya doya, jibi awara, har sai ya koma kalar shayi ba madara. Ban ga laifin kowa ba, tsada ce. Amma duk lokacin da mai ya daɗe a wuta yana lalacewa, yana haifar da sinadarai masu cutarwa, kuma sanfulawa na gargajiya ya fi man gyaɗa da manja saurin lalacewa ta wannan hanya. Kun ga ke nan wanda ya sayi mai tsada don lafiya, tsadar ta sa yana juya shi sau biyar, ya yi asara biyu. Idan mai ya yi duhu, ya yi kauri, yana kumfa, ko yana hayaƙi tun wuta ba ta yi ƙarfi ba, aikinsa ya ƙare. A ra'ayina, in suya ce mai yawa kamar ƙosai ko cincin, man gyaɗa mai kyau ya wadatar. Sanfulawa ya fi kyau a dafa-duka, miyar da ba ka so ƙamshin mai ya danne, kek, salak, da suya ta ɗan lokaci. Ba shi da wani ƙamshi, shi ya sa masu gashin kek ke sonsa. A ajiye shi a rufe, nesa da rana da murhu.

Kuma kar a raina manja. Jan launin nan nasa sinadari ne da jiki ke mayarwa bitamin A, sanfulawa ba shi da wannan sai an ƙara masa. A Najeriya doka ce tun 2002 a ƙara bitamin A a man girki na kamfani, shi ne alamar ido da kuke gani a jiki. Ku duba ta, ku duba lambar NAFDAC. Man da ake aunawa a gorar ruwa ba suna ba komai, ko an ce maka sanfulawa ne, maganar baki ce kawai.

Ni fa 'ya'yan sun fi burge ni a kan man. Cikin tafin hannu ɗaya na ɓararru, wajen giram 28, akwai kusan rabin bitamin E na yini, da furotin giram 5 zuwa 6, da magnesiyom da seleniyom, ga harza mai taimaka wa hanji, wadda babu ita a mai ko kaɗan. A Turkiyya da Rasha abin taɗi ne, kamar yadda muke ɓare gyaɗa a majalisa. A can Rasha da Yukren har alewa ake yi da su. A Amurka ana niƙa su kamar tunkuza, ana ba yaran da gyaɗa ke tayar musu da borin jini.

Yadda za ki yi da su ba wahala. Ki zuba a kasko ba mai, wuta kaɗan, kina juyawa har su yi ƙamshi. Ki daka ki zuba a kwaɗon zogale ko na rama tare da ƙuli, ko ki barbaɗa a yogot da fura, ko a kunu. In kin niƙa su lukui suna kaurara miya kamar agushi, a miyar taushe ma suna shiga. Abu biyu dai: waɗanda ake sayarwa a leda yawanci gishiri ya yi musu yawa, alhali gishirin yini gaba ɗaya bai kamata ya kai giram 5 ba, mai hawan jini ya nemi marasa gishiri. Sannan ɓawon ba a haɗiye shi, musamman yara, yana iya cushewa a hanji.

Wani abu da zai ba ku mamaki, an yi bincike a asibitoci a Masar da Bangladesh inda aka riƙa shafa wa jariran bakwaini man sanfulawa, aka ga kamuwa da cututtukan da ake ɗauka a asibiti ta ragu. Amma a asibiti aka yi, da ma'aikatan lafiya a kai. Mai jego ta tambayi likita tukuna.

A Afirka ma ana noma shi sosai, a yankin Singida na Tanzaniya, da Afirka ta Kudu, da gabashin Sudan, kuma shuka ce mai jure ƙarancin ruwa, cikin wata uku zuwa huɗu ta nuna. Tusar da ta rage bayan tatsa abincin kaji da shanu ce. Wannan ɓangaren na noma da tatsa shi za mu ɗauka a shiri na gaba.