Tarkacen Jiragen Yaƙi: Yadda A Ke Rabe Na Gaske da Jabu

Jawabinmu na yau zai kai mu birnin Guangzhou a kudancin ƙasar Sin, wanda Turawa suka daɗe suna kira Kanton. Fatakenmu sun san shi da kasuwannin tufafi da wayoyi, amma a unguwar Liwan akwai kasuwar kayan tarihi ta Xiguan, inda mai saye ya ke bukatar ido, don na gaske da jabu su kan haɗu a shago ɗaya. Cikin abubuwan da masu tara kayan tarihi su ke nema a duniya har da tarkacen jiragen saman Yaƙin Duniya na Biyu, kamar ɓallen fiffike, ko agogon awo, ko ɗan farantin lamba. To, in dillali ya miƙo maka irin wannan, yaya za ka kauce wa cinikin biri a sama?

Da farko sai ka san tarihin wurin. Jiragen Japan sun soma yi wa Guangzhou ruwan boma-bomai a 1937, birnin kuwa ya faɗa hannunsu ran 21 ga Oktoba, 1938, ya zauna a haka har 1945. A cikin waɗannan shekaru jiragen Amurka sun yi ta kai hari kan filayen jirgi na Tianhe da Baiyun. Saboda haka jiragen ɓangarorin biyu sun faɗi a wannan yanki, ba shakka. Amma kowane jirgi da zamaninsa. Shahararren jirgin nan na Japan mai suna Zero bai shiga yaƙi ba sai a 1940. Wanda ya ce maka ɓallensa na Zero ne da aka harbo a Guangzhou a 1938, ya ƙaryata kansa tun kafin ka taɓa ƙarfen.

Sai kuma a duba kayan. Jikin jiragen nan na alminiyam ne, wato sanholo, wanda ba ya jan tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, sai dai ya yi farin gari. Masana'antun Japan su kan shafa wa cikin jirgi wani fenti mai ruwan shuɗi-kore da su ke kira aotake, Amurkawa kuwa nasu mai ruwan ɗorawa ne ko kore. A farantin Japan a kan rubuta shekarar sarautar Showa. Ka ƙara 1925 a kanta ka sami ta Miladiyya, watau Showa 18 ita ce 1943. Lambobin sassan jirgin P-40 na kamfanin Curtiss galibi su kan fara da 75, ko 81, ko 87. Agogon awo kuma an shafa wa yawancinsu sinadarin radiyam don su yi haske da dare. Hasken ya mutu tuntuni, amma na'urar Geiger ta kan ji tururinsa har yau, don haka kada a buɗe gilashin, ƙurar ciki guba ce.

Duk wannan gwaji iyakarsa ya nuna shekarun ƙarfe da irin jirgin. Ba ya faɗin wanda ya tuƙa shi, ko inda ya faɗi, alhali kuwa labarin shi ne abin da a ke tsawwala wa kuɗi. Ga misali. Rundunar 'yan sa kai ta Amurka da a ke kira Flying Tigers, ƙarƙashin Claire Chennault, ta fara yaƙi a Sin a Disamba 1941 da jirage kimanin 100, aka rushe ta a Yuli 1942. Amma P-40 da aka ƙera gaba ɗaya sun haura 13,000, kuma sun yi yaƙi a nahiyoyi da dama. Wasu ma ta Kano da Maiduguri suka bi, a hanyar da ta tashi daga Takoradi zuwa Alƙahira. Ashe ɓalle ya na iya zama na P-40 na haƙiƙa, labarin da aka jingina masa kuma ya zama ƙarya tsagwaronta. Kama da wane ba ta wane ba ce.

Maganin wannan, malamanmu sun daɗe da saninsa a ilmin Hadisi: isnadi. Wa ya tsinci ɓallen, a wane gari, a wace shekara? Hannun wa da wa ya bi kafin ya iso gare ka? Akwai hoto, ko wasiƙa, ko rahoton soja da lambar ta dace da shi? Takardar shaidar da mai sayarwa ya rubuta wa kansa ba ta da nauyi. Inda sarƙar nan ta yanke, to, ka biya kuɗin tsohon ƙarfe kawai.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. A 1996 wasu manoma biyu suka ci karo da tarkacen jirgin Amurka ƙirar B-24 a dutsen Mao'er, a yankin Guangxi mai maƙwabtaka da lardin da Guangzhou ta ke. Jirgin ya faɗi ne a 1944 da mutum goma a ciki. Da yake an sanar da hukuma, lambobin wuyan sojojin suka bayyana ko su wane ne, aka mayar da ƙasusuwansu gida bayan shekara hamsin da 'yan kai. Da an ɓamɓare waɗannan lambobi an kai kasuwa, da iyalansu suna nan suna jira. Mai son sayen irin wannan kaya, ya tambayi asalinsa tukuna, don wani tarkacen daga kabari aka ɗauko shi.

Sai kuma wani jiƙon. Mu kwana lafiya.