Kasuwa ba ta ci sai gari ya kwana lafiya

Jawabin da aka gabatar a madadin shugabannin ƙungiya a taron cikar shekara da aka yi a Walewale



Iyayenmu sarakuna da sarakunan zango, malamanmu limamai, manyan baƙinmu fada-fada da fastoci, iyayenmu mata 'yan kasuwa, direbobi da yaran mota, 'yan'uwanmu da suka taso daga Salaga da Yendi da Bawku, da waɗanda suka ƙetaro iyaka daga Burkina Faso da Togo da Nijar, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma yi muku sannu da hanya. Mun gode wa Allah da ya sake nuna mana wannan rana. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a cikin wannan shekara, Allah ya jiƙansu, ya raya abin da suka bari.

A taro irin wannan an saba jin maganar kuɗin kwastan, da yawan shingaye a hanya, da canjin sidi da sefa. Duk suna nan, kuma za a zo kansu. Amma bana shugabanni suka ga ya dace a fara da abin da in babu shi sauran maganganun ba su da amfani, wato zaman lafiya. Za mu duba abin da ya shafe mu a ciki, da rawar da ilimi da fahimtar juna tsakanin addinai za su taka, da kuma yadda za mu ci moriyar ranakun da duniya ta keɓe domin wannan magana.

Bari mu fara da Salaga, domin a can ne kakanninmu suka ga ƙarshen abin da muke tsoro. Shekaru aru-aru ayarin fatake na tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, madugu na gaba, su bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yendi, su sauka Salaga su sayi goron Tonawa. Ayarin Mosawa kuwa ta nan Walewale yake bi da shanu da jakuna. Baturen Faransa Binger ya yada zango a garin nan a 1888 kan hanyarsa ta zuwa Salaga. Ba za mu ɓoye ba, a wannan kasuwa har bayin Allah an sayar, kuma wannan tabo ne a tarihinta. Amma a fagen ciniki babu kamarta a duk yankin.

To, me ya kashe ta? Ta fara rauni bayan 1874, lokacin da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, hanyar goro ta karkata. Abin da ya ƙarasa ta shi ne yaƙin basasa na 1892, rikicin sarautar Kpembe tsakanin 'ya'yan sarautar Gwanja. Fatake ba su da hannu a ciki, ba su neman gadon kowa. Duk da haka gidajensu aka ƙone, dukiyarsu aka kwashe, su ne suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da sauran garuruwa. Babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, yana cikin waɗanda suka bar garin. A Kete-Krachi ya ƙare rayuwarsa, ya rasu a 1934. Yau fiye da shekara 130 ke nan, Salaga ba ta koma yadda take ba. Darasin a bayyane yake: ana iya gama yaƙi cikin 'yan kwanaki, amma kasuwar da ta watse ba a tara ta da shela.

A 1994 an sake gani. Yaƙin da ake kira yaƙin zabo, tsakanin Kwankwamba da maƙwabtansu Nanumba da Dagwamba da Gwanjawa, daga kasuwa ya tashi, a Nakpayili kusa da Bimbilla, kan gardamar cinikin zabo. Kowa ya san ba zabon ba ne. Maganar ƙasa da sarauta ce ta daɗe tana cin mutane a zuci. An rasa rayuka kimanin 2,000, an ƙone ƙauyuka fiye da 400, mutum sama da 150,000 suka bar gidajensu. Mu 'yan kasuwa ya kamata wannan ya tsaya mana a rai, domin ya nuna cewa baƙar magana ɗaya a bakin rumfa tana iya zama ashana idan ciyawa ta riga ta bushe. Ba bindiga ce ta kawo ƙarshen abin ba. Zama aka yi ta yi, har aka sa hannu kan yarjejeniyar Kumasi a 1996.

Yendi kuma ta koya mana haƙuri. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani na biyu, aka shiga dokar ta-ɓaci da dokar hana fita, gidan Abudu da gidan Andani suka ja daga. Sarakuna uku aka ɗora wa aikin sulhu: Asantehene Otumfuo Osei Tutu na biyu, da Nayiri na Mamprugu, da Yagbonwura na Gwanja. Mutane da yawa sun yanke ƙauna. Sai a watan Janairu na 2019, bayan shekara kusan 17, aka naɗa Ya Na Abukari na biyu. Ku tambayi 'yan'uwanmu masu ɗauko doya da masara daga can yadda hanya take a yau da yadda take a da. Duk wanda ya ce muku rikicin sarauta ba ya ƙarewa, ku nuna masa Yendi.

Wannan ya kawo mu Bawku, inda ciwon yake a yanzu. Rikicin sarauta tsakanin Kusasawa da Mamprusawa ya samo asali tun wajen 1957, yana lafawa yana tashi, ya sake ɓarkewa a ƙarshen 2021. Garin da ke bakin iyakar ƙasa biyu, inda albasa da dabbobi da kayan Sinkase ke haɗuwa, ya koma garin dokar hana fita, har aka kai ga hana hawa babur da hana sa rigar batakari. Wutar ba ta tsaya can ba. An tare motoci a kan hanyar Bolga zuwa Tamale, an kashe matafiya, har a watan Fabrairu na 2025 aka sa wa Walewale kanta dokar hana fita. A watan Yuli na wannan shekarar aka kashe ɗalibai a makarantun sakandare na Bawku da Nalerigu. A 2025 ɗin ne kuma Otumfuo ya karɓi ɓangarorin biyu a fadarsa ta Manhyia domin neman sulhu.

Muna so a ji mu da kyau. Ƙungiyarmu ba ta da ɓangare a maganar sarautar Bawku. Wannan magana ce ta sarakuna da hukuma. A cikinmu akwai Bakusashe, akwai Bamamprushe, akwai Busanga da Mosawa da Farafara da Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Yarbawa. Abin da ya shafe mu shi ne jinin matafiyi, da haƙƙin mai neman abincinsa, da hanyar da dukkanmu muke ci daga gare ta. Mun kuma san cewa idan ƙasa ta rikice, baƙo da ɗan kasuwa ake fara taɓawa. Dattawanmu ba su manta da korar baƙi ta 1969 a nan Gana ba, ba su manta da wadda Najeriya ta yi a 1983 ba. Matasanmu ma sun ga yadda albasar Nijar ta ruɓe a cikin motoci a bakin iyaka lokacin da aka rufe hanya bayan juyin mulkin 2023.

To, ina mafita? Ta farko ita ce ilimi. Yaron da ake ba bindiga ko a tura shi tare hanya, galibi yaro ne wanda ba ya aji, ba ya gaban malam, ba ya kuma da sana'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A da iyayenmu na gudun boko don tsoron kada yaro ya bar addininsa. Wannan uzuri ya kau. Tun 1987 gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, inda yaro ke karatun Alƙur'ani da Larabci tare da lissafi da Turanci a makaranta ɗaya. Tun watan Satumba na 2017 kuma aka soke kuɗin makarantar sakandare. Saura ya rage gare mu: kada mu cire yaro daga aji don ya tsare mana shago, kada mu tura yarinya Kumasi ko Ankara ɗaukar kaya alhali sa'o'inta na karatu.

Akwai kuma wani amfani na makaranta da ba a cika faɗa ba. Yaran da suka kwana ɗaki ɗaya, suka ci tuwo kwano ɗaya shekara uku, da wuya a zuga ɗayansu ya ɗauki makami a kan ɗan'uwansa. Kuma wanda ya karanta tarihi zai san cewa Mamprusawa da Dagwamba da Nanumba duk suna danganta kansu ga Na Gbewa, wanda wurin tunawa da shi ke Pusiga, kusa da Bawku, kuma Mosawa jikokinsu ne ta wajen uwa. Wanda ya san wannan ba zai yarda a ce masa maƙwabcinsa baƙo ne daga sama ba.

Ta biyu ita ce fahimtar juna tsakanin addinai. Rikice-rikicen da muka ambata babu na addini a cikinsu. A Bawku akwai Musulmi da Kirista a kowane ɓangare. Wannan ni'ima ce, kuma tsare ta wajibi ne, domin muna ganin abin da masu ɗauke da makamai da sunan addini suke yi a ƙetaren iyakarmu ta arewa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muna da abin koyi a gida. A ranar Ista ta 2019, Babban Limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya taka da ƙafarsa zuwa cocin Katolika ta Christ the King a Ankara don gaisuwa da zumunci. Bai bar addininsa ba, ba su bar nasu ba. Mu Musulmi mun san cewa hijirar farko ta sahabbai zuwa Habasha aka yi ta, wurin sarki Kirista. A nan yankinmu kuwa, asibitin Baptist na Nalerigu da asibitin Presbyterian na Bawku sun shekara da shekaru suna karɓar haihuwar matanmu ba tare da tambayar wace alƙibla muke kallo ba. Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa, wadda doka ta kafa a 2011, ita ma a kan wannan tushe aka gina ta: malaman Musulunci da shugabannin coci da wakilan gargajiya a teburi ɗaya.

Ta uku ita ce ranakun duniya. Wani zai ce wannan shagalin 'yan boko ne a otal-otal na babban birni. Idan muka bar musu, haka zai zama. Amma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin darajar rana tsayayya. Ranar kasuwa ba ta fi sauran ranaku tsawo ba, amfaninta shi ne kowa ya san da ita, kowa ya zo. Haka waɗannan ranaku suke. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa Ranar Zaman Lafiya a 1981, sannan a 2001, lokacin da ɗan ƙasarmu Kofi Annan ke shugabancinta, aka tsayar da ita a 21 ga Satumba, ranar ajiye makamai. Makon farko na Fabrairu makon jituwa ne tsakanin addinai, wanda aka amince da shi a 2010 bisa shawarar Sarki Abdullahi na biyu na Jodan. A cikin makon ne 4 ga Fabrairu take, ranar 'yan'uwantakar ɗan Adam, wadda ke tuna takardar da Fafaroma Francis da Shehun Azhar Ahmad al-Tayyib suka sa wa hannu a Abu Dhabi a 2019. Sai 24 ga Janairu, ranar ilimi ta duniya.

Saboda haka ga abin da shugabanni ke gabatar wa wannan taro don ya amince. A 24 ga Janairu kowane reshe ya kawo sunayen marayun membobinmu da 'ya'yan direbobin da suka rasu a hanya, a saya musu littattafai da kayan makaranta daga asusun ƙungiya, ba tare da duba ƙabila ko addini ba. A makon farko na Fabrairu kowane reshe ya kai gaisuwa ga limamin gari da shugaban coci da fadar sarki, tawaga ɗaya, rana ɗaya. A 21 ga Satumba mu tsayar da lodi na awa ɗaya a tashoshinmu, a yi addu'a, a karanta sunayen waɗanda hanya ta ci, a kira dattawan da suka ga 1994 da 2002 su ba matasa labari da bakinsu.

Sauran kwanakin shekara kuma akwai alkawarin da ke kan kowa. Motar ɗan ƙungiya ba za ta ɗauki makami ko harsashi a ƙarƙashin buhu ba, ko nawa aka biya, kuma wanda aka kama ƙungiya ba za ta tsaya masa ba. Ba za mu tsegunta wa kowa wane ne ya shiga wace mota ba, domin irin wannan tsegumi ya sha zama sanadin rai. Ba za mu ƙi sayar wa mutum ko mu ƙi saye daga gare shi saboda yarensa ba. Saƙon murya ko hoton gawa da ya shigo WhatsApp, wanda ba mu san tushensa ba, ya mutu a wayarmu. Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kowa jin abin da ake faɗa a kasuwa da cikin gida. Idan kun ji ƙishin-ƙishin, ku sanar da shugaban reshe tun abin bai girma ba, domin rigakafi ya fi magani.

'Yan'uwa, kakanninmu sun yi wata da watanni a ƙasa tsakanin Kano da Gwanja, suna ratsa ƙasashen da ba su jin yarensu, ba su bin addininsu. Abin da ya kai su ya dawo da su shi ne amana, da girmama mai masauki, da kame baki daga rigimar da ba tasu ba. Wannan jari suka bar mana, kuma shi ya kamata mu bar wa na baya. Hausawa suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah ya zaunar da Bawku lafiya, ya dawwamar da zaman lafiyar Yendi, ya mayar wa Salaga da albarkarta, ya tsare Walewale da duk hanyoyin da muke bi. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya sa albarka a cinikinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya kuma nuna mana baɗi da rai da lafiya.