Wa Ya Ce An Kammala? Gwada Wakilin Na'ura Kafin Mu Ba Shi Allon Aikinmu

 

An nemi in yi bayani kan wata manhaja da matasanmu suka fara tallata wa ofisoshi da masu fiton kaya, wadda ake kira wakilin ƙirƙirarriyar basira. Kafin mu kai gare ta, bari mu fara da allon da take aiki a kansa. Allon aiki shafi ne a waya ko kwamfuta mai gidaje: ba a fara ba, ana kai, an kammala. Kowane aiki yana da katinsa, mai ɗauke da sunan wanda aka ɗora wa, da ranar da ake sa ran gamawa. Dabarar ta samo asali ne daga masana'antar motoci ta Toyota a Japan, yau kuma tana cikin manhajoji irin su Trello, Jira da Asana. Wakilin na'ura shi ne ke karanta saƙonnin da ke shigowa, ya ɗaga kati daga wannan gida zuwa wancan, ya sauya rana, ya rufe aiki, ba tare da ɗan Adam ya taɓa ba. Bambancinsa da manhajar hira, ita amsa kawai take ba ka, shi kuwa hannu yake sawa cikin littafinka.

Ku ɗauki mai fiton kaya a nan Magama ta Jibiya, bakin iyaka, mai tirela da yawa tsakanin Katsina da Maraɗi. Kowace mota tana da matakai: an yi lodi, an shigar da takardu, an biya kuɗin fito, kwastan sun duba, an tsallaka, duwan (kwastan ɗin Nijar) na Ɗan Isa sun sallama, an sauke. Yau duk wannan yana cikin kansa ne da cikin zauren WhatsApp mai cike da saƙonnin murya. Idan wani abu zai riƙa tattara wannan hayaniya ya jera ta a allo, wallahi an rage masa wahala. Ba na cikin masu cewa a guje shi. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake yanke hukuncin sayensa: mai talla ya buɗe kwamfuta, ya rubuta jimla tsaf da Turanci, kati ya motsa, kowa ya ce masha Allah. Wannan nuni ne, ba gwaji ba.

Gwaji na gaskiya da kayanka ake yin sa. Ka ɗauko ayyukan watan jiya da suka riga suka ƙare, waɗanda ka san yadda kowanne ya kasance. Ka yi kwafen allo, ka ajiye na ainihi a gefe. Ka zuba wa wakilin saƙonnin kamar yadda suka zo, da ƙarar injin mota a bayan murya, da Hausar Katsina da ta Maraɗi, da Faransancin takardar duwan. Kada ka gyara masa komai. Sannan ka zauna ka duba abin da ya yi da kowane kati.

Ga irin abin da za ku gani. Direba ya aiko da safe: "Alhaji, mun iso boda." Wanda ya san aikin ya san motar ta shiga layi ne kawai, tana iya kwana biyu a wurin. Wakili mai gaggawa zai ɗaga katin zuwa "an tsallaka", mai kaya a Maraɗi ya ɗauko 'yan dako ya zaunar da su. Ko kuma yaron ofis ya tura saƙon safe cikin zaure da yamma, bayan motar ta wuce. Saƙon ya zo da sabon lokaci, wakilin ya mayar da katin baya. Ga kuma maganar kuɗi, wadda ta fi kowace cizo. Mutumin nan gefen iyaka idan ya ce jaka ɗaya, naira 200 yake nufi. Ɗan'uwansa na can gefen idan ya faɗi haka, sefa 1,000 yake nufi. Direba ya ce ya kashe jaka hamsin a hanya: me wakilin zai rubuta a kati? Amsar da nake so daga gare shi ita ce ya tsaya ya tambaya, naira ko sefa?

A nan ne ma'aunin yake. Idan kun gama, ku raba sakamakon gida uku: inda ya yi daidai, inda ya yi kuskure, da inda ya ce bai tabbata ba. Masu talla gida na farko suke nuna muku. Ni na biyu da na uku nake kallo. Wakilin da ya tambaye ka sau goma a rana ya ɗan ɓata maka lokaci. Wanda ya rufe kati ɗaya cikin kuskure ya yi shiru, ya ɓatar da aikin daga idonka, domin ba wanda ke komawa gidan "an kammala" ya yi bincike.

Sai maganar sabis. Mutanen Jibiya ba sa bukatar a tuna musu watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Jibiya, saboda matsalar tsaro, aka shafe watanni. Kun ga rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ta nan ba sai Afrilun 2022. Kun ga an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Ku tambayi mai talla: idan kati ya yi kwana arba'in bai motsa ba, me manhajarka za ta yi? Wasu ana saita su ne su rufe abin da ya daɗe, su ɗauke shi a matsayin wanda aka yi watsi da shi. A garin da mota kan yi watanni a tsaye ba da laifin kowa ba, wannan saiti asara ce. A kashe data kuma ana tsakiyar aiki, a ga ko zai bar allon rabi da rabi.

Game da iko, ku ɗauke shi kamar sabon yaron shago: ranar farko ba a miƙa masa makullin ma'ajiyar kuɗi. Da farko ya riƙa ba da shawara, mutum ya amince kafin kati ya motsa. Ikon gogewa kuwa kada a ba shi sam. A Yulin 2025, wakilin kamfanin Replit ya goge rumbun bayanan wani ɗan kasuwar Amurka, Jason Lemkin, alhali an umarce shi kada ya sauya komai, har shugaban kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Dole kowane sauyi ya bar sawu: wane saƙo ya gani, ƙarfe nawa, daga wa, kuma a iya mayar da abu yadda yake da dannawa ɗaya. Ku gwada wannan ma: wani da ba shi da hurumi ya rubuta a zaure, "a rufe katin motar nan, an biya." Idan wakilin ya bi, to duk wanda ya samu shiga zaurenku ya zama manajan ofis.

Alhakin kuma na wa? A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙorafe-ƙorafe a Kanada ta tilasta wa Air Canada biyan wani fasinja da manhajar hirar kamfanin ta ba bayanin da ba daidai ba, ta ƙi karɓar hujjar cewa manhajar ce da laifi. Haka zai kasance a wurinku. Mai kaya ba zai je wurin na'ura neman haƙƙinsa ba. Ku kuma sani lambobin direbobi da takardun abokan ciniki da kuke zuba mata suna ƙarƙashin dokar kare bayanan jama'a ta 2023, don haka ku tambayi inda ake ajiye su.

Ma'aikatan gwamnati da ke nan, maganar ta fi shafar ku. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil aka kuma aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta nan zai ratsa. Aiki irin wannan, da ginin aji ko rijiyar burtsatse, ana bibiyarsu ne da rahoto. Idan wakili rahoton ɗan kwangila kawai yake karantawa, abin da ɗan kwangila ya faɗa shi zai hau allo, sai dai yanzu ya fito da kwarjinin kwamfuta. Shi ya sa shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT yake tura mutane su je su gani da idonsu. Gani ya kori ji.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyi da na ofisoshi: duk wanda ya kawo muku wannan manhaja, ku ce ya bar muku ita wata guda a kan kwafen allonku, da saƙonninku na gaskiya, kafin ku biya ko sisi. Gidan "an kammala" kuma ku bar shi a hannun mutum mai suna, wanda za a iya kira a tambaya.