Holdar da ke Reto a Ɗakinka

Ku ɗaga kai ku dubi ƙwan lantarkin da ke reto a tsakiyar ɗaki. Me ke riƙe da shi? A gidaje da yawa, 'yan sukurori biyu ne kawai da suka danne bakin waya. Duk sanda aka murɗa ƙwan za a canza, wayar na ɗan zamewa, har ta fara tartsatsi, roba ta yi baƙi tana ƙauri. Wutar nan fa bolt 230 ce.

Holda ta ƙwarai, wato mazaunin ƙwan, tana da 'yar ƙugiya da ake lanƙwaya waya a kai, da murfi mai matse rigar wayar, don nauyi ya sauka can. Masu ƙerawa, don Allah ku daina cire ƙugiyar da murfin saboda araha. Maigida, kwance murfin ka duba tun a shago kafin ka biya.