Akwatinmu da Ajin Kimiyya

(Jawabi ga mambobin ƙungiyoyin adashin mata na Ƙofar Mazugal, ranar rabon ƙarshen zango)

Shugaba, sakatariya, ma'aji, masu riƙe makullai, iyayena, yayyena da ƙannena, barkanmu da ganin wannan rana. Zango ya cika, yau za a buɗe akwati kowace ta tafi da rabonta. Allah ya sanya albarka a ciki.

Kafin a fara ƙirga, na roƙi shugaba ta ba ni ɗan lokaci in yi maganar 'ya'yanmu mata da karatun kimiyya da fasaha. Na san wata za ta ce a ranta, mu da muka zo maganar jari da kayan ɗaki, me ya haɗa mu da kimiyya? To ku ara mini kunnuwanku, akwai abin da ya haɗa mu.

Bari in fara da abin da duk muka sani. Babu wadda take zaune a nan da ba ta taɓa zuwa gaisuwar matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa ba. Shekara da shekaru, a ɗakin haihuwa da ido ake ƙiyasta jinin da mace ta zubar, kuma ido yana ruɗi. Kafin a gane abin ya yi yawa, lokaci ya ƙure. Sai aka gwada wata hanya a asibitoci 80 na ƙasashe huɗu: Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Ana shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni, jinin ya taru a ciki a ga yawansa. Da zarar ya kai wani layi, ba a jira: a murza mahaifa, a yi allurai, a ɗaura ruwa, duk a lokaci guda. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Wadda ta jagoranci wannan aiki a Najeriya ita ce Farfesa Hadiza Galadanci, likitar mata ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A garin nan take, ba a Ingila ba.

Kun ga kimiyya ke nan: a daina ƙiyasi, a auna, a rubuta, a gwada. Ashe ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai ƙuli-ƙuli ta san man da mudun gyaɗa zai ba ta. Mai daddawa ta san kwanakin da kalwa take so a rufe. Mu ma a nan, ba a taɓa rufe akwati sai masu ƙirga sun ƙirga, sakatariya ta rubuta, lissafi ya daidaita. Shi kansa wannan tsari na akwati mai kwaɗo uku, a hannun matan Hausa ya fara, a yankin Maraɗi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashen duniya. Yarinyar da ta tashi a gaban uwa irin wannan, wa zai ce mata lissafi na maza ne?

To a ina 'ya'yan namu suke zamewa? Na yi shekaru ina zagaya ƙungiyoyi, abin da na lura shi ne mararrabar tana ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare. A nan ake raba yara: ajin kimiyya, ajin kasuwanci, ajin adabi. Sau da yawa uwa ba ta ma san an yi rabon ba. Yarinya ta bi ƙawayenta, ko wani ya tsorata ta da cewa Fiziks da Kemistiri sai namiji, ko ita da kanta ta duba halin gida ta ga kuɗin littattafai zai yi wa Umma nauyi, ta yi shiru ta shige inda ya fi sauƙi. Bayan shekara uku ta ce tana son aikin jinya, a ce mata ai ƙofar ta rufe tun tuni. Ban raina sauran azuzuwan ba, muna bukatar lauyoyi da malamai da akantoci. Abin da nake ƙi shi ne yarinya mai kai da sha'awa ta bar kimiyya saboda tsoro ko saboda kuɗin da bai fi ƙarfin akwatin nan ba.

Ga abin da ya kamata kowace uwa ta riƙe, ko ba ta taɓa shiga aji ba. Duk mai son likitanci, jinya, ungozomanci ko haɗa magunguna, sai ta yi Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Mai son injiniyanci, sai Lissafi, Fiziks da Kemistiri. A jarrabawar WAEC ko NECO ana neman kiredit biyar, dole da Turanci da Lissafi a ciki. Ita kuwa JAMB, tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ko ta san amsa, hannunta rawa zai yi, lokaci yana tafiya.

Makarantun kuma akwai su. Tun 1977 jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, na maza. Daga baya aka buɗe ta mata a Taura, wadda yanzu take jihar Jigawa, kuma a yau muna da ta mata a Garko. Hukumar makarantun kimiyya da fasaha ce take kula da su, da jarrabawa ake shiga daga aji uku. Wadda ba ta so 'yarta ta yi nisa, ga Kwalejin 'Yan Mata ta Dala a kusa da mu. Gaba kuma ga Jami'ar Bayero, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, ga makarantun jinya da na kiwon lafiya.

Kada kuma mu ɗauka sai likita. Wayar da take hannunki in ta lalace, Farm Centre ake kai ta, ki miƙa wa namijin da ba ki sani ba, da hotunanki da na 'ya'yanki a ciki. Da a ce akwai yarinya a layinmu da ta iya gyaran waya, wa za ta tsallake ta? Haka masu haɗa sola: aikin cikin gida ne, kuma a cikin birni ba kowane gida namiji yake shiga ba. Ga gwajin jini, ga ɗaukar hoton ciki, ga aikin kwamfuta. Duk sana'o'i ne da mace za ta yi da mutuncinta, wasu ma daga ɗakinta.

Yanzu maganar da take ran kowa: aure. Ni ma uwa ce, na san yadda ake ji in sa'o'in 'yarki sun fara tafiya. Amma ku dubi Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id, 'yar Wangara ta ƙaramar hukumar Gezawa. Tana da shekara 18 ta yi aure. Sai da ta kai 29, da 'ya'yanta, ta shiga Jami'ar Bayero, tana gudanar da makarantar rainon yara don ta biya kuɗin karatu. Ta zama farfesar Fiziks, tana nazarin sararin samaniya da yanayi, a 2015 kuma aka ba ta lambar yabo ta duniya ta mata masana kimiyya. Aure bai hana ta ba, domin tana da tushen sakandare a hannu. Shi ya sa nake cewa, in manemi ya fito, a sa maganar karatu cikin abin da manya za su tattauna tun kafin a sa rana. Baban yara kuma a same shi cikin natsuwa, a tambaye shi: ranar da za a kai iyalinsa asibiti, wa yake fatan ya tarar a ɗakin haihuwa? Wannan likitar da yake fata, 'yar wani ce da ya bari ta yi karatu.

Ga shawarata ga sabon zango, ku za ku yanke. Muna da asusun jin ƙai na rashin lafiya da rasuwa. Mu ƙara jaka ɗaya a cikin akwati, ta karatun kimiyyar 'ya'ya mata. A misali, in mu 25 ne, kowace ta sa naira 200 a mako, an sami 5,000. A mako 48, naira 240,000 ke nan. Da ita za a sayi fom, littattafan Fiziks da Kemistiri da za su riƙa zagayawa daga yarinya zuwa yarinya, kalkuleta, da kuɗin koyon kwamfuta kafin JAMB. Mu rubuta dokarta a kundin ƙungiya: kuɗin makaranta kai tsaye za a kai, a kawo rasit, yarinya kuma ta kawo sakamakonta kowane zangon karatu a gani. Kuma kuɗin nan ba a taɓa shi don biki, ko na wace ce.

Sai aikin da ba ya cin ko kwabo. Yau in kin koma gida, ki tambayi 'yarki ajin da take da darasin da ta fi so. In tana aji uku, ki je makarantar da ƙafarki ki ga malamin Lissafi, ki tambayi lokacin fom ɗin makarantun kimiyya. Ki rage mata talla da aikin yamma ko da na awa ɗaya ne, a raba wanke-wanke da aike da 'yan'uwanta maza. Zaman mako mai zuwa, kowace ta zo da sunan 'yarta ko 'yar riƙonta da ajinta, sakatariya ta buɗe musu shafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kayan ɗaki za mu yi, in Allah ya yarda, babu wadda za ta kai 'yarta ɗaki wayam. Amma gado da kujeru suna tsufa, wasu ma a sayar da su ranar da gida ya shiga matsi. Abin da yarinya ta sa a kanta yana nan tare da ita, ko miji yana raye ko ba ya raye.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya sa mu ci moriyarsu. Masu makullai, bismillah, a buɗe akwati.