Wake a Kek ɗin Cakulan: Ga Mai Rage Ƙiba da Kwaɗayi Ya Dame Shi

 Yau kicin za mu shiga, kuma maganar ta shafi duk wanda ya ɗaura niyyar rage ƙiba, namiji ko mace.

Kun san yadda abin yake. Mutum ya yi kwana biyar yana kiyayewa, ya rage tuwo, ya daina shan lemon kwalba, sai a dare na shida kwaɗayin zaƙi ya taso masa. Ya ci kek yanka ɗaya, ya ƙara na biyu, daga nan ya ce ai an riga an ɓata, a bari sai wata mai zuwa. Ni a ganina, tsarin cin abincin da ya haramta maka zaƙi kwata-kwata ba ya daɗewa. Gara ka nemi zaƙin da ba zai rusa maka lissafi ba. To a nan wake ya shigo.

Na san wani zai ce, wake a kek? Ba an ce wake ɗaya ke ɓata gari ba? To yau garin ma cire shi za mu yi, waken ya hau kujerarsa. Kuma abin ba baƙo ba ne. A Japan sun daɗe suna dafa jan wakensu da sukari, su cusa shi cikin kayan zaƙi. A Amurka ana yin birawni, wato kek ɗin cakulan mai danshi, da baƙin wake. Mu kuma da muka iya alale da ƙosai, ai mun san wake yana kama jikinsa ba tare da fulawa ba. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin waken da muke ci, Nijar na biye da ita, don haka farin waken kasuwarmu ya wadatar.

Bari mu yi lissafi. Giram 100 na fulawa yana da kalori kusan 360. Giram 100 na dafaffen wake bai wuce 120 zuwa 130 ba, domin ya sha ruwa. Ga shi da furotin da harza, waɗanda ke sa ciki ya daɗe bai nemi wani abu ba. Amma ku saurara da kyau, babbar ribar ba a fulawa take ba. Bota ce da sukari ke cika kek da kalori. Bota giram 100 ta haura kalori 700, sukari giram 200 ya kusa 800. Niƙaƙƙen wake yana ba kek laushi da danshi, irin aikin da bota ke yi, shi ya sa za ka iya rage man sosai kek ɗin bai bushe ba.

Ga yadda nake yi. Dafaffen wake giram 250, wajen kofi ɗaya da rabi ke nan. Ƙwai 2. Garin koko giram 40, kuma ba kokon da ake sha da ƙosai nake nufi ba, garin da ake yin cakulan da shi, mai ɗaci, wanda ba a sa wa sukari ba. Su Milo da Bournvita ba za su maye gurbinsa ba, don akwai sukari a cikinsu. Sai man gyaɗa cokali 2, sukari giram 70, bakin foda ƙaramin cokali 1, ɗan gishiri, da filebo na banila.

A jiƙa waken ya kwana, a zubar da ruwan, wannan yana rage kumburin ciki. In an surfa shi an cire ɓawon kamar za a yi alale, ya fi santsi. A dafa shi da ruwa zalla, ba albasa, ba kanwa, ba magi, har ya yi luguf. A tsane shi, ya huce. A zuba komai a bilenda a markaɗa har sai ba ka jin ko ɗan gudaji tsakanin yatsunka. Wannan matakin shi ne sirrin, don gudajin wake ne ke tona asiri a baki. A shafa ɗan mai a gwangwani, a gasa a obin mai zafin digiri 180 na minti 20 zuwa 25. Wanda ba shi da obin, tukunya da yashi a ƙasa ta isa, da wuta kaɗan-kaɗan. A bar shi ya huce sosai kafin a yanka, in da hali ma ya ɗan kwana a firij, ƙamshin waken yana ƙara ɓacewa.

Duka gwangwanin zai kama kalori 1,050 ko kusa da haka. In ka raba shi gida 12, kowane yanka bai kai 100 ba, sukarin cikinsa kuma giram 6 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, wajen giram 50 ke nan ga babban mutum, kuma rabin haka ya fi.

Sai gargaɗi biyu. Na farko, don an sa wake ba ya zama magani ba. In ka cinye rabin gwangwani a zama ɗaya, ka ci kalori sama da 500. Ɗauki yanka ɗaya, ka ɓoye sauran inda ido ba ya gani. Na biyu, masu cewa za su musanya sukari da zuma ko dabino, madalla, dabino yana da harza, amma dukansu zaƙi ne kuma suna da kalorinsu. Mai ciwon suga ya fara tuntuɓar likitansa kafin ya mayar da wannan abin yau da kullum.

Ku gwada a ƙarshen makon nan. Ku ba mutanen gida su ɗanɗana, kada ku faɗa musu abin da ke ciki sai sun cinye, sannan ku tambaye su. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.